Neman shawara: in sabunta Premiere Pro alhali ina tsakiyar aiki?

Mai tambaya, daga Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu tace bidiyo. Ina da ƙaramin situdiyo a nan Jos, kuma ina aiki da manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, Premiere Pro ta 2022, a kan laftof mai Core i7 na ƙarni na takwas, da RAM gigabait 16, da Windows 10. A halin yanzu ina tsakiyar tace bidiyon wani biki wanda na yi alkawarin miƙawa ƙarshen wata. Sai ga shi wani abokin aikina na Abuja ya turo mini fayil ɗin wani shirin da za mu haɗa tare, amma ya ƙi buɗuwa a wurina saboda shi da ta 2025 yake aiki. Bayan haka, kwamfutar ta yi nauyi ƙwarai, rumbunta ya kusa cika, hoto yana sarƙewa idan ina kallo. Wani ya ce in goge komai, in sake ɗora Windows, in saka sabuwar manhajar daga tushe. Ina tsoron kada in rasa aikin mutane. Don Allah wace hanya ce ta fi aminci?

Amsa daga wani dattijo mai tace fim, Bauchi Road:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka goge komai kafin ka miƙa aikin bikin nan. Ka sani cewa sabuwar Premiere tana buɗe fayil ɗin da aka yi da tsohuwa, amma tsohuwa ba ta buɗe wanda aka adana da sabuwa, wannan ne ya sa na abokinka ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, Creative Cloud, wato manhajar da ake sauke kayan Adobe ta cikinta, manyan fitowa biyu na baya-bayan nan kaɗai take bari a sauke, saboda haka idan ka cire ta 2022 yau, ba za ka same ta a jerin ba idan ka so komawa. Ana iya zama da tsohuwa da sabuwa a kwamfuta ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Idan ka zo sabuntawa, ka buɗe ƙarin zaɓuɓɓukan da take nunawa, ka cire alamar da ke kan Remove old versions, domin idan ka bar ta, za ta share tsohuwar da zarar ta gama saka sabuwa. Ka ƙarasa biki da tsohuwa, ka yi aikin Abuja da sabuwa. Ka kuma kashe sabuntawar da take yi da kanta, kada ka wayi gari ka tarar an canja maka kayan aiki.

Amsa daga wata mai haɗa shirye-shirye, Rayfield:

Na goyi bayan Baba, amma Malam, kafin ka taɓa ko maɓalli ɗaya ka fara da ajiya. Ka sami rumbun ajiya na waje, ka yi amfani da Project Manager da ke cikin manhajar domin ya tattara fayil ɗin aikin tare da dukan bidiyo da sauti da hotunan da ka yi amfani da su a folda ɗaya. Mutane da yawa fayil ɗin aikin kaɗai suke kwafa, sun manta cewa shi ba ya ɗauke da bidiyon, nuni kawai yake yi zuwa inda suke. Ka haɗa da foldar Auto-Save da ke kusa da shi, inda manhajar take adana kwafin aikin da kanta. Sannan ka shiga Documents, ka bi Adobe zuwa Premiere Pro, ka kwafi foldar da ke ɗauke da lambar fitowar Premiere ɗin da kake aiki da ita, domin a nan tsarin maɓallanka da saitunan da ka adana suke. Kada ka manta da salon rubutun da ka saka da kanka, musamman waɗanda ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai, domin idan suka ɓace, sunayen ango da amarya ne za su fara lalacewa a allo. Bayan ka kwafa, ka buɗe aikin daga rumbun wajen ka ga yana tafiya, sannan hankalinka ya kwanta.

Amsa daga wani mai gyaran kwamfuta, Ahmadu Bello Way:

Yallaɓai, a ganina nauyin da kake ji ba ya buƙatar sake ɗora Windows. Premiere tana tara fayilolin wucin gadi da ake kira Media Cache, kuma a kwamfutar da ta daɗe tana aiki suna iya cinye gigabait masu yawa. Ka share su daga cikin saitunan manhajar, ba za su taɓa bidiyonka ba, za ta sake gina waɗanda take buƙata. Idan bidiyon bikin 4K ne, RAM gigabait 16 ya yi kaɗan, domin Adobe 32 take ba da shawara, saboda haka ka yi furoksi, wato ƙananan kwafi masu sauƙi da za ka yi yanka da su, a fitar da asalin a ƙarshe. Game da sabuwar kuwa, tun daga ta 2024 sai furosesa mai wata fasaha da ake kira AVX2, naka yana da ita, amma ka tabbatar Windows 10 ɗinka ta kai fitowarta ta 22H2. Idan katin hotonka NVIDIA ne, ka saka direban Studio, wato manhajar da ke sarrafa katin, maimakon na wasanni. Sake ɗorawa daga tushe sai idan duk wannan ya gaza, a lokacin ma ka cire manhajar ta hanyar Creative Cloud, ka bi da Cleaner Tool na Adobe. Ina kuma tunatar da kai cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka komawa Windows 11 yana gabanka, amma bayan ka miƙa aiki.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri. Idan data ba ta ishe ni sauke sabuwar a wannan makon ba, akwai yadda zan fara aikin Abuja da tsohuwar?

Dattijon Bauchi Road:

Akwai. Ka ce wa abokinka ya fitar maka da jerin yankansa a matsayin nau'in fayil da ake kira Final Cut Pro XML, tsohuwar za ta karɓa. Yanka da tsarin sauti za su zo, amma gyaran launi da rubuce-rubucen allo da yawancin kwalliya ba za su biyo ba, saboda haka ya haɗa maka da ƙaramin bidiyon aikin yadda yake a wurinsa domin ka riƙa kwatantawa. Ranar da za ka sauke sabuwar kuma, ka cika batirin laftof ɗin, na'urar intanet ta kasance a kan inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa, wani lokaci sai an faro daga farko. Idan kana da wasu ƙananan manhajojin kwalliya da ka saya ka liƙa wa tsohuwar, ka duba shafin masu su ka ga ko sun dace da ta 2025 kafin ka dogara da su a aikin.