Ciwon hanta ya taɓa wa Baba ƙwaƙwalwa, me ke gabanmu?

Maman Hanif, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya jima da ciwon hanta nau'in B, yanzu likita ya ce hantar ta ƙeƙashe, ga ruwa ya taru a ciki. Kwanakin baya ya koma barci da rana, dare kuma idonsa biyu, yana kiran ƙanina da sunan marigayi yayansa. In ya miƙa hannuwa sai su riƙa kaɗawa. Gwaggo ta dage aljanu ne. A asibiti aka ba shi lactulose, wani maganin sha mai sa bayan gida, ya dawo hayyacinsa. Don Allah kar a ɓoye mini, mai irin wannan yakan yi tsawon kwana?

Ma'aikacin jinya, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba aljanu ba ne. Wata guba ce daga hanji da ake kira ammoniya, hanta ta kasa tace ta, sai ta hau kai. Ruɗewar tana tafiya in an yi magani, amma zuwanta alama ce hantar ta gaji sosai. Wani bincike da aka yi a Barcelona a 1999 ya nuna cikin mutum 100, 42 ne suka kai shekara ɗaya bayan ruɗewar farko, 23 suka kai shekara uku. Rai dai na Allah ne, kuma lokacin ba a fara ba masu nau'in B tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, ba. In an ɗora Baba a kan maganin, kar ya tsallake ko kwana ɗaya. Ku tambayi likita yadda ƙodarsa take, wannan na da nauyi wajen hasashen yadda ciwon zai kasance. Dashen hanta ne ke juya lamarin baki ɗaya, shi ya sa masu hali ke tafiya Indiya ko Masar.

Hajiya Babba, Rikkos:
'Yata, na yi jinyar maigidana. Ki sa ido a bayan gida, sau biyu zuwa uku a rana, mai laushi. Ranar da cikinsa ya ɗaure, ruɗewar na hanya. Baƙin kashi, aman jini, zazzaɓi ko barcin da ba ya tasuwa, ku nufi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko tsakar dare ne. Maganin barci da jiƙe-jiƙen 'yan dubiya, ki karɓa ki gode, ki ajiye.

Maman Hanif:
Na gode, Mama. Nama da wake fa? An ce mu hana shi.

Ma'aikacin jinya:
Tsohon zance ne. Ramewa ma na ƙara ammoniyar. A ba shi wake, ƙwai, kindirmo, kaɗan-kaɗan, da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta. Gishiri za a rage. Ku kuma 'ya'yan, ku je gwajin ciwon hanta nau'in B. Wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi.