Darduma ce ko ba darduma ba: rigimar guruf ɗin masu gudun asuba na Jos

Sadik Gangare: Salamu alaikum jama'a. Ni fa yau sai na amayar da abin da ke cikina ko da admin zai cire ni. Wata huɗu ke nan ina haɗa gudu da yoga, Litinin da Laraba da Asabar gudu, Talata da Alhamis yoga minti 30 a ɗaki, kuma duk ranar gudu in mun dawo ina ƙara minti 10 ina miƙa jiki kafin ya huce. Ciwon gwiwar nan da kowa ya san ina fama da shi tun azumin bara, wanda in mun zo gangara sai dai in riƙa takawa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, wallahi ya tafi. To yau mun gama kilomita 8, na koma gefe can bayan getin filin wasa na Rwang Pam na shimfiɗa dardumata, ƙafa ɗaya a gaba a lanƙwashe ɗaya a miƙe a baya, hannuwa sama, kawai sai wani babba da shi a cikinmu ya zaro waya yana ɗauka ta bidiyo yana dariya wai ga ɗan Indiya ya sauka. Ban kira suna ba, ya san kansa. Maganata ɗaya ce, duk mai gudu a kan kwaltar Jos da hawa da gangaren nan bai haɗa da yoga ba, bashin gwiwa yake ci kuma zai biya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sadik tsaya tukuna ɗana. Darduma ka ce?

Baban Ummi: Nima nan idona ya tsaya Malam. Darduma dai wadda muka sani?

Sadik Gangare: Haba Malam, ba ta salla ba, ta roba ce irin ta motsa jiki, shuɗiya, a Terminus na saya

Malam Habu: To ai sai ka faɗi haka tun farko. Akwai yara a guruf ɗin nan, gobe wani ya ɗauki dardumar babansa ya je yana tuntsura gudi-gudi a kanta ya ce a wajen Yaya Sadik ya gani. Kalma ba abin wasa ba ce.

Auwal Bakano: Malam da girmanka amma a nan kam Sadik bai yi laifi ba. Darduma ai duk shimfiɗa ce mai kauri, har wadda ake malalawa a falo darduma ce, ta salla kuwa mu sallaya muke cewa. Kuma ma dadduma ake faɗa.

Ɗanliti: To fa, Bakano ya zo koya mana Hausa 😂 shekararka biyu a Naraguta har ka fara gyara wa 'yan gari baki

Auwal Bakano: Wace Hausa gare ku da za a gyara? Ku da kuke ce wa mace "ya zo"

Maman Hanif: Auwal ka kiyaye mu fa. Mu muka saba jin wannan gorin tun kafin a haife ka, kuma manyan 'yan wasan fim ɗin da kuke tinƙaho da su a Kano je ka tambaya nawa ne a cikinsu suka taso a garin nan. Darduma muke cewa, da ita iyayenmu suka yi salla, ba za mu canza ba don kai.

Baban Ummi: Ni a ganina tabarma ya kamata ya ce

Auwal Bakano: Tabarma ta kaba ce ko ta leda mai saƙa, wannan soso ne

Baban Ummi: To katifa ce ke nan

Ɗanliti: Katifar 'yan Indiya 😂😂

Sadik Gangare: Ikon Allah. Na zo da maganar gwiwa an bar jaki ana dukan taiki. Ku kira ta buzu ma in kun ga dama, ni tambayata ita ce daidai ne a ɗauki mutum bidiyo ba da saninsa ba?

Ɗanliti: Ai ba a tura wa kowa ba, sakan 12 ne kacal kuma an goge

Maman Hanif: Ɗanliti waye ya kira sunanka? Yaya aka yi ka san sakan 12 ne? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as

Ɗanliti: Hajiya ni labari aka ba ni

Malam Habu: A bar batun bidiyo, wannan tsakaninsu ne. Ni abin da ya sa kalmar ta tsaya min a rai, abin nan da ake yi a kanta yana da asali. Yoga daga Indiya ta fito, cikin addininsu ta taso, akwai wani jerin motsi guda 12 da suke kira surya namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, kuma da hantsin fari ake yinsa ana fuskantar gabas. Kai kuma ga ka da sassafe rana na fitowa, a kan abin da kai da bakinka ka kira darduma, hannuwa sama. Wanda ya hango ka daga nesa me zai ce? Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya a 2008 ta hana musulmin ƙasar yinta saboda irin waɗannan abubuwa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, a tambayi malamai, amma ba zan gani in yi shiru ba.

Sadik Gangare: Malam Allah ya ƙara girma, ni ban taɓa furta wata kalma ta bakinsu ba, ba na rufe ido ina kiran kowa, kuma katangar filin nake kallo, ko gabas ce ko yamma ban duba ba. In ƙasashe za a lissafa, Saudiyya tun 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki, ana koyar da ita a fili. Majalisar malaman Indonesiya ma a 2009 rabawa ta yi, ta ce mai haɗe da karance-karancen ibadarsu ita ce ba a yarda ba, wadda take motsa jiki zalla ba laifi.

Malam Habu: Saudiyyar yanzu ai ba hujja ba ce ɗana, me da me ba su buɗe ba

Baban Ummi: Malam a nan kuma ka taɓo wata, kar mu shiga

Auwal Bakano: A'a mu shiga mana, in ta dace da ra'ayinmu hujja ce in ba ta dace ba a ce ta yanzu ce?

Alhaji Sabo (admin): Ba a siyasar ƙasashe a nan. Auwal gargaɗi na farko.

Anti Rifkatu: Ina kwananku. Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo sama da 60. Malam Habu mu ma a wajenmu akwai fastocin da ba sa son jin sunan yoga, dalilinsu kusan irin naka ne, don haka wannan ɓangaren na bar wa kowa da malaminsa. Ni gashin ƙashi na sani, bari in faɗi nawa. Sadik ƙanena, abin da kake yi yana da kyau amma maganarka ta yi faɗi da yawa. Yawancin ciwon gaban gwiwa da masu gudu ke kawo mana ba daga gwiwar yake farawa ba, tsokar ƙugu da ta ɗuwawu ce ba ƙarfi, sai gwiwa ta riƙa faɗawa ciki duk taku, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa. Kowa ya gwada a gida, ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala ka sauko da ɗayar a hankali kana kallon madubi, in gwiwar da ka tsaya a kanta tana leƙawa ciki wajen babban yatsa to ga matsalarka nan. Tsayuwar nan da kake yi ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya tana ƙarfafa wajen, shi ya sa ka ji sauƙi. Amma miƙa jiki kaɗai ba a tabbatar yana hana rauni ba, ƙarfafa tsoka shi ya fi tabbas, ko da yoga ko da tsugunno da tashi a tsakar gida. Hukumar lafiya ta duniya ma abin da ta ce ke nan, aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Sannan don Allah a sanyin nan na Jos kar wanda ya zo da asuba jiki a daskare ya kama ƙafa ya ja ya riƙe, a fara da tafiya da sauri da wurga ƙafa gaba da baya minti 5 zuwa 10, riƙewar sakan 30 ɗin a bar ta sai an dawo. Kuma Sadik ka tuna da kwana 5 kake gudu a sati da takalmin nan naka da dunduniyarsa ta cinye gefe guda, yanzu ka koma kwana 3. Wa ya sani ko hutun ne ya warkar da kai.

Sadik Gangare: Anti na gode amma ba hutu ba ne, ni na san jikina

Baban Ummi: Anti duk mun ji, amma ke a asibiti me kuke kiran shimfiɗar?

Anti Rifkatu: Baban Ummi duk bayanin nan abin da ka tsinta ke nan? Mat muke cewa

Auwal Bakano: Wannan ai Turanci ne Anti

Koci: Ni dariya ma kuke ba ni. Shekara nawa ina tare da yaran Pankshin, yawancin masu dogon gudu na ƙasar nan daga Filato suke fitowa, in an je gudun Legas a watan Fabrairu ku duba 'yan gida da ke shigowa gaba daga ina suke. Wanne a cikinsu ya taɓa ganin wata darduma shuɗiya? Dutse suke hawa, gona suke zuwa. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, Iten ta Kenya wajen 2,400, iskar sama ita ke gina mai gudu, ba lanƙwasa ba. Gudu da gudu ake koyonsa.

Sadik Gangare: Koci da girmanka, Kipchoge zakaran gudun nan na Kenya da kake kafa mana misali da shi kullum, a sansaninsu na Kaptagat suna kwanciya a kan irin wannan shimfiɗar suna motsa ciki da baya da ƙugu, bidiyon na nan a YouTube. Mutumin da ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 2019 bai raina shimfiɗa ba sai mu masu kilomita 8

Koci: Wannan tirenin ɗin ƙarfi ne ba yoga ba, kar ka haɗa min su. Kuma gudun Biyana ba a lissafa shi a matsayin tarihi na gasa ba, masu ja masa gaba ake ta canzawa ga mota tana haska masa layi a ƙasa. Na gasa da aka kafa a 2023 shi ne wanda marigayi Kiptum ɗan Kenya ya yi a Chicago, awa 2 da sakan 35.

Sadik Gangare: To a kan me suke kwanciyar?

Koci: A kan darduma

Ɗanliti: Koci ma ya ce darduma 😂 Malam Habu ga naka

Malam Habu: Ɗanliti ni ba sa'an wasanka ba ne

Maman Hanif: Tunda an zo maganar abin da aka saya da kuɗi, ni ina da tambaya. Dubu uku-uku da muka tara na riguna tun kafin babbar salla ina aka kwana? Mu 34 ne muka biya, ko hannun riga ban gani ba, kullum sai a ce mai buga rubutu ya yi tafiya. Wace irin tafiya ce wannan, Makka ya tafi a ƙafa?

Baban Ummi: Hajiya kin faɗi abin da ke bakin kowa

Koci: Ni tun farko na ce kar a yi kore, kore kalar wani kulob ce, aka ƙi ji

Auwal Bakano: Ni ban ma san an tara kuɗi ba, wato baƙo ba a sa shi a riga sai a gori

Alhaji Sabo (admin): Maganar riguna ba a nan ake yinta ba, akwai kwamiti.

Maman Hanif: Alhaji kwamitin ai kai ne da ƙaninka

Sadik Gangare: Jama'a bidiyona fa? Har yanzu ba wanda ya ba ni haƙuri

Ɗanliti: Ka yi haƙuri Sadik, amma tsakani da Allah in ka ga yadda ka ɗaga hannu kai ma sai ka yi dariya

Sadik Gangare: Ka ce an goge

Alhaji Sabo (admin): To ya isa haka, na rufe guruf sai da safe, admin kaɗai zai iya rubutu. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna don waɗanda ba su bi ba. Ɗanmu Sadik ya kawo shawarar a riƙa yoga, jama'a sun duba sun ga ba al'adarmu ba ce, Malam Habu ya kawo hujjoji masu ƙarfi daga ƙasashen musulmi, Koci kuma wanda duk cikinmu ba wanda ya kai shi sanin gudu ya tabbatar zakarun duniya ba sa yi. An yi ittifaƙi kalmar darduma ba ta dace ba, kar a sake amfani da ita a nan. Mafi muhimmanci, ƙwararriyarmu Anti Rifkatu ta gano asalin ciwon Sadik daga takalmi ne wanda dunduniyarsa ta cinye, abin da na daɗe ina faɗa ana ganin kamar talla nake. Duk wanda takalminsa ya kai shekara ya duba ƙasansa yau, an buɗe sabuwar dila jiya akwai lamba 40 zuwa 45, 'yan guruf akwai ragi. Batun bidiyo an yafi juna. Batun riguna wasu sun so su kawo ruɗani amma ba su samu goyon baya ba. Gobe ƙarfe 6 daidai a bakin geti, sanyi ya ƙaru kowa ya zo da hular sanyi. Sadik in za ka zo da abar taka ka bar ta a but ɗin motata sai an tashi.