Zafin madaukin korona ya fito iri ɗaya daga gindi har ƙololuwa

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum malamai. Ina aikin digiri na biyu a kan madaukan filasma (iskar gas mai tsananin zafi) da ke korona, wato sararin da ke kewaye da rana, da hotunan kyamarar AIA ta tauraron ɗan'adam na SDO. Na raba hasken tashar 171 da na 193 (kowace tasha tana ɗaukar haske mai tsawon zango daban), sai zafin ya tsaya wajen kelbin miliyan 1.2 a duk tsawon madaukin. Haka abin yake, ko lissafin ne?

Malamar Fiziks: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka cire hasken baya? Filasmar korona ba ta tare haske, don haka kowane fiksil tarin duk abin da ke kan layin gani ne, gaba da bayan madaukin. Sau da yawa madaukin ɗan kaɗan ya fi kewayensa haske. Ka yanka shi a gicciye a wurare daban-daban, ka ɗauki haske a gefensa biyu, ka ja layi tsakaninsu, ka debe. Sannan rabon tashoshi biyu yana ɗauka zafi guda ne a wurin. In filasma mai zafi daban-daban ta cakuɗu, kusan amsa ɗaya zai riƙa ba ka ko'ina. An sha wannan gardamar tun zamanin tauraron ɗan'adam na TRACE, wajen 1999.

Mai Lissafi: Gaskiyar Malama. Koma DEM, wato lissafin yawan filasmar da ke kowane matakin zafi, da tashoshi shida: 94, 131, 171, 193, 211, 335. Bar 304, hasken hiliyam ne daga ƙasan korona. Da manhajar aiapy ka kai hotunan mataki 1.5, wato ka daidaita su da juna, ka raba da lokacin ɗauka, ka gyara raunin da na'urar ta yi tun 2010, musamman 335. Hanyar lissafin DEM ta Hannah da Kontar ta 2012 ta isa. Hattara da 131: tana ganin kelbin dubu 400, tana kuma ganin miliyan 10, shi ya sa wani lokaci zafin ƙarya ke ɓullowa.

Ɗan Samaru: Na gode. Data ce matsalar, hotunan manya ne.

Mai Lissafi: Kada ka sauke faifan rana gaba ɗaya, fiksil 4096 sau 4096 ne. Nemi yankin kawai daga JSOC, ma'ajiyar hotunan SDO.

Malamar Fiziks: Ka tuna kuma fiksil ɗaya na AIA kusan kilomita 435 ne, zaren filasma da yawa na iya ɓuya a ciki. In tauraron ɗan'adam na Hinode ya duba yankin a ranar, rabon layukan hasken ƙarfe na Fe XII 186.88 da 195.12 daga na'urarsa ta EIS zai ba ka yawan ilektoron, ka gwada da dokar RTV ta 1978, mai danganta zafin madauki da matsinsa da tsawonsa.