Rufin gida da zafin Maraɗi: abin da aka tattauna

Magina, masu lambu da 'yan unguwa sun zauna a Maraɗi kan yadda za a rage zafin ɗakuna, ganin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Kusan kowa ya yarda kwano da bulon siminti ne ke dafa mu. Tsofaffin magina suka ce a koma ga ƙasa: bango mai kauri yana tsare zafin rana, kuma rufin baka da tulluwa na tubalin ƙasa zalla ba ya cin azara ko ɗaya, giginya ta huta. Ga siminti kuwa, yin sa a masana'anta na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa a duniya.

Shuka a saman soro ce ta raba kawuna. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, soron laka kuma ba ya son danshi. Ni ma ina bayan masu cewa a bar wannan ga rufin kankare, shi ma a bokitai, indararo a buɗe.

Mai gidan laka ya dasa dogon yaro ta yamma, nesa kaɗan da tushen gini, zogale a tsakar gida. Inuwa ta samu, tsuntsaye da ƙudan zuma su dawo.