Ma'aikaciyar da ita ma ta sha dukan miji: wane tallafi ya kamata a ba ta a ofis?

Hajiya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. A ƙungiyoyin da ke karɓar koken matan da ake ci wa zarafi a gidan aure, akan samu ma'aikatan da su ma sun ɗanɗana wannan azaba. Wane tsari shugabar ofis za ta yi don kada aikin ya riƙa fama masu tsohon ciwo?

Anti, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada a matsa wa kowa ta faɗi abin da ya same ta. A yi ƙa'ida ɗaya ga kowa: wadda ta ji ƙara ta fi ƙarfinta, ta miƙa wa abokiyar aiki, ba tambaya. In sai ta kawo dalili, asirinta ya tonu, gobe shiru za ta yi tana ci a ciki.

Zaman sulhu ya fi komai wuya. Miji na ɗaga murya, dattawa na cewa "ki yi haƙuri", maganar da ita ma aka sha faɗa mata. Su shiga su biyu, ita da abokiyar aiki, ta zauna kusa da ƙofa. Tun a waje su shirya alama, kamar rufe littafi, ɗayar ta karɓi maganar ita ta fita. Kada a jera mata sulhu biyu a yini ɗaya.

Malam, Daura:
Hajiya, a duba tsaronta. Garuruwanmu kowa ya san kowa, don haka ban da ƙarar unguwarsu ko ta dangin tsohon mijin. A ba ta layin aiki daban, ta kashe in an tashi. Da yardarta, maigadi ya san wanda ba zai shigo ba. Ranakun zuwa kotu kan saki, ciyarwa ko riƙon yara kada a cire su daga hutunta. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, ta tanadi umarnin kariya daga kotu, lauyoyin FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, kan taimaka wajen nema.

Yaya, Ƙofar Marusa:
Don Allah kada a kai ta rediyo ko gaban masu ba da tallafi ta ba da labarinta. Ba za ta iya ce wa mai biyan ta albashi a'a ba. In aka ga rashin barci, faɗuwar gaba ko saurin fushi sun haura wata guda, a haɗa ta da ƙwararre a wajen ofis, ƙungiya ta biya, kuma abin da suka tattauna kada ya dawo kunnen shugaba.