Don Allah me za mu kira "dermoscopy" da Hausa?

Sadiya: Salam jama'a, gobe da safe nake da shirin lafiya a rediyo kuma na maƙale a kan kalmar nan. Wato likita ya ɗora 'yar na'ura mai fitila da gilashi kan tawadar Allah ko wani tabo, ta ƙara girmansa kamar sau 10 ya ga launi da ƙananan jijiyoyin da ido ba ya gani, ba yanka ba allura.

Abba: Hoton fata mana, ba ga hoton ƙirji ba?

Likita Bala: A'a Abba, ka ce hoto sai mutane su ɗauka eksiray ne su tsorata, wannan kuwa haske ne kawai. Da na'urar ake tantance tabon da ake zargin ciwon daji ne kafin a yanki tsoka a kai lab, har ƙwaron ƙazuwa ana hangowa a ƙarshen raminsa kamar ɗan ɗigo mai kusurwa uku.

Malam Garba: MALEƘIN FATA. Daga leƙa, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi. An gama.

Abba: Malam maleƙi kamar mai leƙen gidan mutane ta katanga 😂 ni dai sikanin fata zan ce, kowa ya san sikanin.

Malam Garba: Ga irinta nan! Harshe na da ma'aunin ƙera sunan kayan aiki amma ku kullum sai aro, wai don a ce kun yi boko.

Abba: To Malam likita da allura da asibiti fa, daga ina suka zo?

Malam Garba: Waɗannan sun zama 'yan gida ɗana, sikanin baƙo ne.

Likita Bala: Ni damuwata daban, na'urorin ba ɗaya ba ne. Akwai fitilar Wood da ake haskawa a ɗaki mai duhu sai wani makero ya yi kore, akwai wata na'urar haske da ake kira OCT mai ganin cikin fata zurfin milimita 1 zuwa 2. Wacce ce maleƙin a ciki? Duk leƙe suke.

Sadiya: Ranku ya daɗe dare na yi fa. Zan ce "duba fata da madubin haske", in bi da ba yanka ba allura, sauran Likita ya yi bayani da bakinsa.

Malam Garba: Wannan jimla ce ba suna ba. Amma je ki 'yata, ki dai ambaci maleƙi ko sau ɗaya ne mu ji yadda zai sauka a kunne.