Harshen kan wayar intanet ya karye, in zuba gam ko akwai wata dabara?

Mai Shagon Bakin Tasha:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a wani ƙauye a ƙasar Taura, ba nisa da Gujungu. Ina yin hoton fasfo, ina buga takardun gayyatar ɗaurin aure, ina duba wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO. Kwamfuta uku gare ni, duk na gwanjo, kuma babu mai kama intanet ta iska a cikinsu, sai da waya. Rauta, wato na'urar da ke rarraba musu intanet, tana saman kantar shagon kusa da taga saboda nan ne sabis ya fi ƙarfi, daga can wayoyi suka sauko zuwa bayan kowace kwamfuta.

To wannan ɗan harshen roba da ke jikin kan wayar, wanda in ka tura yake cewa ƙas ya maƙale, shi ne ya karye a wayoyi biyu. Tun shigowar hunturu na lura robar ta bushe ta yi fari, rannan yaron shagona yana shara ya ɗan ja teburi, shi ke nan. Yanzu kan yana shiga amma ba ya zama. Babbar mota in ta wuce ta girgiza shagon sai koriyar fitilar bayan ta mutu. Abin da ya fi ci mini rai, ranar kasuwa wani dattijo ya zo da 'yarsa daga nesa a kan babur don a cike mata fom, mun kai wajen biyan kuɗi sai intanet ta yanke. Sai da muka sake komai daga farko, mutumin yana zaune yana ta kallon rana.

A yanzu tsinken ashana nake cusawa ta ƙasa yana riƙewa. Wani abokina ya ce in ɗiga sufa gulu kawai in huta, tunda ba cire wayar nake yi ba. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, shi ya sa na zo nan. Sannan ga ta biyu: allon kwamfuta ɗaya, mai shuɗin kai da noti biyu, wani lokaci sai hoton ya koma ruwan hoda gaba ɗaya, in na taɓa wayar ya dawo daidai. Ko duk ciwo ɗaya ne?

Injiniyan Layin Beirut:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ajiye gam ɗin nan. Sufa gulu ruwa ne, ba ya tsayawa inda ka ɗiga shi, zai bi ya shiga kan siraran ƙarafa takwas da ke cikin ramin ya bushe a kansu. Ramin kuwa a jikin babban allon cikin kwamfutar aka yi masa dalma. Ka ga kan waya da ake sayarwa cikin leda da yawa a kuɗi kaɗan ya jawo maka gyaran babban allo. Ashanar ma cire ta da wuri ya fi, don tana danne kan da ƙarfin da ya wuce kima, ƙarafan ciki su lanƙwashe su daina dawowa.

Sunan wannan kai RJ45. Maganinsa a yanke a sa sabo, wayar kanta lafiyarta ƙalau. Kana bukatar filayar matse kai da sababbin kawuna. Ka yanke tsohon, ka fere rigar wayar kamar santimita 3, za ka ga siraran wayoyi takwas an murɗe su bibbiyu. Ka warware su ka miƙe su da yatsa, ka jera daga hagu: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan jerin shi ake kira T568B, shi ya fi yawa a wayoyin da ke kasuwa. Akwai T568A wanda ake musanya kore da ruwan lemo, saboda haka kafin ka yanke ka leƙa ɗaya bakin ta cikin robar, tunda garai take, ka bi jerin da ka gani. Ka datse su daidai wa daida su rage kamar santimita 1.3, ka riƙe sabon kan harshensa na kallon ƙasa, ka tura har ka ga jan ƙarfen kowace waya ya taɓo ƙarshe, sannan ka matse.

Inda yaran da nake koya wa suke yawan kuskure shi ne rigar wayar. Dole ta shiga cikin kan, don akwai wani ɗan tudu da filayar take dannawa ya cije rigar. In ba ta shiga ba, duk nauyin wayar yana kan siraran nan takwas. Kuma ka sayi 'yar hular roba da ake zura wa wayar kafin a matse, tana rufe bakin harshen kada ya maƙale a wani abu in an ja. In ka manta da ita har ka matse kan, ba ta shiga kuma.

Wani abu da za ka iya gani: in waya ɗaya cikin takwas ba ta taɓa sosai ba, intanet ba lallai ta yanke ba. Gudun megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake amfani da su, na 1 da 2 da 3 da 6, amma gudun 1000 sai duk takwas sun kama. Sai mutum ya ga tura fayil tsakanin kwamfutocinsa ya yi nauyi bai san dalili ba.

Malama daga Bichi:

Ni kan maganar allon zan tsaya, don ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, kullum da ita nake fama. Wannan shuɗin kan VGA ne, allurai 15 a layi uku, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. Kowane launi da allurarsa: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Hoto ya koma ruwan hoda, koren ne ya saki. In ya koma rawaya, shuɗin ne. Ka cire ka duba da tocila ko wata allura ta lanƙwashe ko ta nutse ciki. In lafiyarsu lau, to notin ne ba a ɗaure ba, ko an ɗaure gefe ɗaya an bar ɗaya kan ya karkace. A riƙa juya su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, da yatsa kawai. Ba a sa musu filaya. In aka matse da ƙarfi, ranar kwancewa sai ɗan turken ƙarfe mai kusurwa shida da ke jikin kwamfutar ya biyo notin ya fito. Ka duba ma, wataƙila naka ya riga ya faɗi, shi ya sa notin ke juyawa ba ya kamawa.

Kuma ƙanena, tunda na gwanjo ne, leƙa bayansu. Yawancin na ofis irin Dell da HP suna da wani rami mai kama da HDMI amma kusurwa ɗaya kawai aka gutsure, shi ne DisplayPort, mai allurai 20. Wayoyinsa da yawa suna da ƙananan ƙugiyoyi biyu na ƙarfe, da maɓalli a bayan kan wanda sai an danna suke kwantawa. Wata ɗalibata mai son taimako ta zo kwashe kaya ranar hutu, ta ja ta ji ya ƙi, ta ƙara ƙarfi, ramin ya taso daga allon. Tun daga nan darasin farko a ajina, kafin ma a kunna komai, shi ne kowace yarinya ta cire kowane irin kai ta mayar a gabana. Ka koya wa yaron shagonka haka.

Mai Shagon Bakin Tasha:

Allah ya saka da alheri. Malama, gaskiyarki, na duba yanzu, turken gefen dama babu shi sam, rami ne kawai. Na ciro ɗaya daga bayan wata matacciyar kwamfuta da ke ƙarƙashin benci na ɗaura, hoton ya tsaya cak.

Injiniya, na gane bayaninka sarai, amma ka san halin ƙauye. Duk garin nan babu mai wannan filayar, na tambayi masu haɗa sola da mai saka dish, babu. Shiga Kano kuwa rufe shago ne na yini guda, ga kuɗin mota, kuma lokacin cike fom ne yanzu. Akwai abin da zai riƙe ni zuwa ƙarshen wata?

Sannan abin da ke ɗaure mini kai: masu ƙera abin nan sun san ana ja, sun san ana shara, me ya sa suka yi harshen da roba siririya haka? Da sun yi shi da ƙarfe, ko su sa masa noti irin na allon, ai da kowa ya huta.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo, Gumel:

Yaro, ni na fara da rediyo da kaset, na zo na gyara talabijin, yanzu jikoki ke kawo mini kwamfuta. Abin da ya fi zuwa teburina ba karyayyen harshe ba ne, fasasshen rami ne. Harshen nan ka ɗauke shi kamar fis a layin wuta: in an fizga, gara shi ya tafi. Na ga allo ya faɗo daga teburi ya fashe saboda ƙafar mutum ta harɗe wayar VGA, notin ya riƙe gam, wayar ba ta saki ba, sai ta jawo allon. Da HDMI ce, wadda ba ta da sakata ko ɗaya sai matsewar ƙarfen bakinta, da ta zare kawai. USB ma haka take, da gangan aka bar ta ba maƙalli. Kamfanin Apple har cajar maganaɗisu ya yi wa kwamfutocinsa na hannu a 2006 don in an taka wayar ta saki. Inda ake son riƙo mai ƙarfi shi ne inda hannu ba ya kaiwa, kamar babban kan wuta mai allurai 24 a cikin akwatin, ko wayar SATA ta ma'ajiyar fayiloli (hard disk) mai ɗan maƙallin ƙarfe.

Kai abin da ya karya naka, ja ne da zafi. Ka ce rauta na bakin taga, to rana na dukan robar kullum, ga bushewar hunturu. Ka yi mata inuwa ko da kwali ne. Wayoyin kuma ka kafe su a bango da kilif mai ƙusa irin na masu wayarin, ka bar rarar kamu biyu a bayan kowace kwamfuta, ka ɗaure wayar a ƙafar teburin da tsumma ko robar taya. Ko an ja teburin, ɗaurin ne zai ji, ba kan ba.

Injiniyan Layin Beirut:

Baba ya gama magana. Malam, kafin ka samu filaya ga hanya. Akwai ɗan akwatin haɗi mai rami gaba da baya, masu kayan kwamfuta sun san shi da kofla. Ka tura karyayyen kan a rami ɗaya ka naɗe su tare da salatif ɗin wuta sosai, a ɗaya ramin ka sa gajeriyar waya sabuwa mai lafiyayyen harshe zuwa kwamfuta. Ko ya lalace, koflar ce ta lalace. Ba sai ka zo ba, ka ba direban da ke shigowa Kano saƙo. Ka ce gajeriyar waya Cat5e ko Cat6 mai hula, ta jan ƙarfe zalla, ban da wadda aka rubuta CCA a jikinta, wannan alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, saurin karyewa gare ta.

Mai Shagon Bakin Tasha:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na cire ashanar, na ɗaure wayoyin a ƙafar teburi da robar taya, na sa ɗaurin ya ɗan tura kan ciki, tun azahar fitilar ba ta mutu ba duk da tireloli sun wuce. Kwalin taga ma na sa. Akwai direban da ke lodin Kano da asuba, ɗan unguwarmu ne, zan rubuta masa a takarda: kofla biyu, gajerun wayoyi biyu, kawuna leda ɗaya da hulunansu. Filayar kuma na yi magana da mai haɗa sola da malamin da ke kula da kwamfutocin makarantar gaba da mu, za mu haɗa kuɗi mu saya ta zauna a shagona. Injiniya, in ta iso zan gwada a guntuwar waya tukuna in ɗauki hoton jerin launukan in saka a nan, ka duba mini kafin in taɓa dogayen.